Timolol da 'Yan Uwansa: Yadda Ake Ɗiga Maganin Hawan Jinin Ido Ba Tare da An Cutar da Zuciya da Huhu Ba

Wanda aka auna idonsa a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri aka ce yana da hawan jinin ido, wato gilakoma, sau da yawa timolol ne ake fara rubuta masa, ko shi kaɗai ko haɗe da wani magani a kwalba ɗaya. Yana da araha, ana samunsa a yawancin shagunan magani, ba ya buƙatar firiji, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 1978 aka amince da ɗiga shi a ido a Amurka, don haka an san halinsa ciki da waje.

Abin da masu amfani da shi da yawa ba su sani ba shi ne danginsa. Timolol ɗan gida ɗaya ne da propranolol da atenolol, ƙwayoyin da ake sha don hawan jini da ciwon zuciya. Ƙanƙantar kwalbar da kasancewarsa na ido suna sa a raina shi. Amma ɗigo ɗaya yana iya rage gudun bugun zuciya, yana kuma iya toshe numfashin mai ciwon fuka, har an samu waɗanda suka rasa rayukansu ta wannan hanya. Ga mafi yawan mutane lafiya lau ake amfani da shi shekara da shekaru, muddin an tantance wanda zai ɗiga tun farko, an kuma koya masa yadda ake ɗigawa.

Aikin da yake yi a cikin ido

A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, daban da hawaye, wanda ido ke samarwa ba dare ba rana, yana kuma ficewa ta wata siririyar magudana. Ka ɗauke shi kamar fangalin shinkafa a fadama: ruwa na shigowa ta gefe ɗaya, yana fita ta ɗaya gefen, in mafitar ta cushe sai ruwa ya taru. Taruwar nan ce ke ɗaga matsin ido, matsin kuma ya riƙa cin jijiyar gani sannu a hankali, daga gefe-gefe zuwa tsakiya, ba zafi ba raɗaɗi. A lafiyayyen ido matsin yana tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin mmHg.

Timolol ba ya buɗe mafitar. Ruwan da ke shigowa yake ragewa, matsin ya sauka da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Yana fara aiki cikin rabin awa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa bayan awa 1 zuwa 2. Ganin da ya riga ya tafi ba zai dawo da shi ba, wanda ya rage yake tsarewa. Shi ya sa ba za ka ji wani sauƙi ba bayan ka fara, kuma rashin jin sauƙin nan ne ke sa mutane su ajiye kwalbar bayan wata biyu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da gilakoma, kuma ita ce ta biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Makantar gilakoma ba ta da gyara.

Hanyar da ɗigo ke bi ya isa zuciya

A lungun ido na wajen hanci akwai ƙananan ƙofofi biyu, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, inda hawaye ke sauka zuwa cikin hanci. Da ka ɗiga magani ka yi ƙifta, kusan kashi 80 cikin 100 na ɗigon ta nan yake bi. Cikin hanci kuwa cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, suna tsotse shi kai tsaye. Ƙwayar da aka haɗiye sai ta ratsa hanta tukuna, hanta ta rage mata ƙarfi. Wanda ya bi ta hanci ya tsallake wannan shinge, ya nufi zuciya da huhu da ƙarfinsa. Ɗacin da wasu ke ji a maƙogwaro jim kaɗan bayan sun ɗiga alama ce ta cewa maganin ya bi wannan hanya. Kusan duk ƙa'idojin da ke tafe daga nan suka samo asali.

Kafin ɗigon farko

Asibitin ido wuri ne mai cunkoso, likita na iya mantawa bai tambaya ba. Kada ka jira tambaya, kai ka fara faɗa.

Fuka ce a kan gaba. Duk wanda ke da asma, ko ya taɓa yin ta ko da tun yana yaro ne ta lafa, ba a ba shi timolol. Maganin yana matse hanyoyin iska na huhu, sannan yana dakushe aikin salbutamol, wato inhelar da mai fuka ke dogaro da ita in ƙirji ya riƙe. Matsalar a nan ita ce mutane da dama suna da ciwon huhu ba a taɓa sa masa suna ba: tsohuwar da ta yi shekaru tana girki da itace a rufaffen madafi, mai bandar kifi a bakin kogi, mai aiki cikin ƙurar injin casar shinkafa, wanda ya daɗe yana shan taba. Idan kana da tari da ya ƙi tafiya, ko ƙirjinka na fito da dare, ko hazon hunturu na sa ka haki, ka faɗa haka ɓaro-ɓaro: "Likita, in ƙura ta taso numfashina yana sarƙewa." Wannan jumla kaɗai ta isa ta sa a canza maka magani.

Sai zuciya. Ba a ba wanda bugun zuciyarsa ke da jinkiri tun asali, ko wanda gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, ya nuna saƙon bugun yana tsinkewa a hanya kuma ba a dasa masa na'urar daidaita bugu ba, ko mai gazawar zuciya da ba a shawo kanta ba, wanda ƙafafunsa ke kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai. Wanda ya taɓa suma ba gaira ba dalili shi ma ya faɗa. Matan da zuciyarsu ta kumbura bayan haihuwa, ciwon da ba baƙo ba ne a Arewa, suna cikin wannan sahu.

A ƙirga bugun zuciya kafin a fara. Ka zauna ka huta minti 5, ka ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga na cikakken minti ɗaya kana kallon agogon waya. Ka rubuta lambar a bayan katin asibiti. In ta gaza 60, ka nuna wa likita kafin ka buɗe kwalbar. Wannan lamba ita za a riƙa gwada na gaba da ita, kuma ba ta cin ko kwabo.

Mai ciwon suga yana iya amfani da timolol, amma da lura. In suga ya faɗi ƙasa, jiki kan yi gargaɗi da bugun zuciya da sauri da rawar hannu. Maganin yana iya ɓoye waɗannan alamu, sai gumi kaɗai ya rage. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide ya ɗauki gumi na ba zato, ko ruɗewa, a matsayin faɗuwar suga har sai awo ya nuna akasin haka. Haka nan mai ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa zuciya gudu da rama, da mai ciwon raunin tsoka da ke sa fatar ido faɗuwa, da wanda ya taɓa kumburewa har numfashi ya ɗauke saboda harbin zuma ko wani abinci, duk su sanar. Na ƙarshen nan dalilinsa shi ne allurar adrenaline da ake ceto da ita tana iya rage tasiri a jikin mai amfani da timolol da danginsa.

Ka zo da duk magungunan da kake sha a leda, kada ka dogara da tuna sunayensu. Waɗanda likita zai fi sa wa ido su ne atenolol, propranolol, bisoprolol, metoprolol da carvedilol, domin aikinsu ɗaya ne da timolol, ƙarfin yakan ninku a zuciya, a ido kuma ɗigon ba ya ƙara wani abin kirki a kan abin da ƙwayar ta riga ta yi. Sai verapamil, diltiazem, digoxin da amiodarone, masu rage gudun zuciya ta wata hanyar daban. Sai quinidine, fluoxetine da paroxetine, waɗanda ke hana hanta sarrafa timolol da wuri, ya daɗe a jini. Amlodipine da lisinopril, da yawancin masu hawan jini ke sha a nan, ba su da wannan matsala sosai.

Ƙarfi, yawa da lokaci

Timolol na ruwa yana zuwa da ƙarfi biyu, 0.25% da 0.5%. Ƙa'idarsa ɗigo ɗaya a idon da aka ce, sau biyu a rana, tazarar kusan awa 12. A takarda ana farawa da 0.25%, a hau zuwa 0.5% in bai isa ba. A aikace 0.5% aka fi samu a kasuwa, kuma launin baƙin ido yana riƙe wani kaso na maganin, don haka likitoci da yawa da shi suke farawa. Wuce ɗigo ɗaya na 0.5% sau biyu a rana ba ya ƙara saukar da matsi ko kaɗan, illa kawai yake ƙarawa. In matsin ya daidaita, likita na iya mayar da kai sau ɗaya da safe. Akwai kuma nau'i mai kauri da ke zama kamar jeli in ya taɓa hawaye, wanda tun asali sau ɗaya ake sa shi a rana.

Hanya mafi sauƙin riƙewa ita ce a ɗaura shi da salla: bayan Asuba da bayan Magariba. Tazararsu ta yi kusa da awa 12, kuma ba a mantawa da su. Na safe shi ne mai muhimmanci. Da dare, in mutum na barci, ido da kansa yake rage samar da ruwa, timolol ba ya samun abin ragewa sosai, alhali yana ci gaba da rage bugun zuciya da hawan jini a lokacin da dama sun sauka. Saboda haka a ganinmu Magariba ta fi lokacin kwanciya dacewa da ɗigo na biyu. In an ce sau ɗaya ne a rana, da safe ne.

In ka manta, ka ɗiga da zarar ka tuna. In lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce. Ba a ramuwa da ɗigo biyu.

Sauran 'yan gidan ba su cika yawa a kasuwarmu ba. Levobunolol 0.5% sau ɗaya ko biyu ne a rana, carteolol 1% ko 2%. Betaxolol, 0.5% ko 0.25% mai gari-gari da ake girgizawa, ya fi sauƙi ga huhu, ko da yake saukar da matsinsa bai kai na timolol ba. Kada a fahimci wannan a matsayin izini ga mai asma. Shi ma yana iya tayar da fuka, kuma a zuciya halinsu ɗaya.

Akwai tarko a magungunan haɗi. Cosopt, da duk wanda aka rubuta dorzolamide da timolol a kwalinsa, yana ɗauke da cikakken timolol 0.5%. Haka Xalacom, Combigan, Azarga, DuoTrav da Ganfort. Yakan faru a canza wa mutum zuwa ɗaya daga cikinsu, ya koma gida ya ci gaba da tsohuwar kwalbar timolol ɗinsa tare da sabuwar, don ba wanda ya ce masa ya daina. Ya ninka maganin ke nan bai sani ba. Duk lokacin da aka ba ka sabuwar kwalba ka tambaya: ƙari ce ko canji? Ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna.

Yadda ake ɗigawa

1. Wanke hannu da sabulu, ka goge da tsumma mai tsabta. In akwai kwantsa, ka share ta da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce.

2. Duba sunan kwalbar da ranar da ka buɗe ta. Mai kauri irin jeli, ka kifa kwalbar a rufe ka girgiza sau ɗaya. Betaxolol mai gari-gari a girgiza shi sosai. Murfin a ajiye shi a gicciye bisa wuri mai tsabta, ba a ƙasa ba.

3. Zauna ka ɗaga kai sama, ko ka kwanta rigingine. Kwanciya ta fi wa tsofaffi da masu ciwon wuya.

4. Da yatsa ɗaya ja fatar ido ta ƙasa, za ta buɗe ɗan aljihu tsakaninta da ƙwayar ido. Kalli sama.

5. Riƙe kwalbar bakinta na kallon ƙasa, tazarar kamar faɗin yatsa biyu daga ido. Jingina hannun da ke riƙe da ita a kan wanda ke jan fatar, don kada ya yi rawa. Matsa a hankali, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin aljihun. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido, ko gashin ido, ko yatsa. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga kwalba, daga baya su jawo gyambo a baƙin ido.

6. Rufe idon a hankali, kamar mai barci. Banda ƙifta, banda runtsewa da ƙarfi, domin kowace ƙiftawa tura maganin take yi zuwa hanci.

7. Ɗora kan yatsa a lungun ido na wajen hanci, ka danna a hankali zuwa ga ƙashin hanci, ka riƙe minti 2 cur ido a rufe.

8. Kafin ka buɗe ido, goge abin da ya malalo a fata. Sannan ka koma ɗaya idon in shi ma an ce a sa masa. Rufe kwalbar, ka sake wanke hannu.

Mataki na 6 da na 7 su ne aka fi tsallakewa, kuma su ne suka fi kowanne amfani. Rufe ido da danne magudanar suna rage abin da ke shiga jini da fiye da rabi, suna kuma ba maganin lokacin ratsawa cikin ido. Minti 2 ya fi yadda ake zato tsawo, mafi yawan mutane a daƙiƙa 20 suke sakewa. Ka sa agogon waya har sai ka saba. Wurin dannawar ma ana kuskurensa: ba a kan ƙwayar ido ba, ba kuma a kan karan hanci ba, a ɗan kwarmin da ke tsakaninsu. In har yanzu kana jin ɗaci a maƙogwaro, yatsan bai zauna daidai ba.

Ɗigo ɗaya ya ma fi abin da ido ke iya riƙewa, shi ya sa wani ke malalowa a kunci. Malalowar ba ta nufin bai shiga ba. In ka tabbata ɗigon a kunci ko a gira ya faɗa gaba ɗaya, ka sake. In kana shakka kawai, ka bar shi.

Mai kwalba biyu ko uku ya bar aƙalla minti 5 tsakaninsu, in ba haka ba na biyu ya wanke na farko. Mai kauri shi ne na ƙarshe, bayan minti 10, man shafawa na ido kuma bayan kowa. In za ka yi alwala, ka yi ta kafin ɗigo, ba bayansa nan take ba. Mai sa kwalli ya fara ɗiga magani, ya jira kamar rubu'in awa.

Yawancin masu wannan ciwo dattawa ne, wasu ganinsu ya riga ya raunana, wasu hannu na rawa. Gara a ware mutum ɗaya a gida, ɗa ko jika mai hankali, ya je asibiti tare da su a koya masa. Ya kwantar da tsohon, ya tsaya ta wajen kansa, ya ce, "Baba, kalli sama wajena," ya ɗiga, sannan shi ya danne lungun idon da yatsansa. In Inna ta kasa buɗe ido don tsoro, a bar ta ta rufe, a ɗiga a lungun idon tana kwance, a ce ta buɗe a hankali, ɗigon zai gangara ciki da kansa. Mutum ɗaya aka ce, domin in kowa na ɗigawa, wata rana a sa sau huɗu, wata rana ba a sa ba.

Illolin da ake jurewa da waɗanda ba a jira da su

Ɗan zafi ko yaji na 'yan daƙiƙu bayan ɗigo abu ne da aka saba. Mai kauri yana dushe gani na ɗan lokaci, daga rabin minti zuwa minti 5, don haka kada a hau babur ko a ja mota sai ya washe. Bushewar ido da jin kamar yashi a ciki sun fi tsanani da hunturu, kuma wani ɓangare na laifin na sinadarin da ake sa wa kwalbar ne don kada ta lalace. Ɗigon hawayen kanti yana taimakawa. In fatar ido ta yi ja, ta kumbura, tana ƙaiƙayi tana saɓa, jiki ne ya ƙi maganin, a koma asibiti a canza.

Akwai illolin da ke shigowa a ɓoye, a ɗora wa tsufa laifinsu. Dattijon da ke zuwa gona da ƙafa ya koma haki kafin ya kai masallacin unguwa. Kasala, jiri in an miƙe tsaye, sanyin hannu da ƙafa, ciwon kai, munanan mafarkai, ƙuncin rai da ƙin shiga mutane, raunin mazakuta. Da wuya mai ciwon ya haɗa waɗannan da kwalbar ido, na ƙarshen kuma kunya ke hana faɗa, sai mutum ya koma wa masu maganin ƙarfin maza. Tambayar da iyali za su yi ita ce: yaushe abin ya fara? In bayan fara ɗigo ne, a gaya wa likitan ido a cikin makon. Yawanci suna gushewa in an canza magani. Jiri a jikin tsoho ba ƙaramin abu ba ne, faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu.

A makon farko ka ƙirga bugun zuciya kullum, kamar awa 1 zuwa 2 bayan ɗigon safe, daga baya sau ɗaya a mako ya isa. Saukar 'yan lambobi ba komai ba ne. In ya gaza 50, ko yana tsallake, ka dakatar da ɗigo na gaba ka nemi likita a ranar.

Waɗannan kuwa asibiti mafi kusa ake nufa nan take, ba sai na ido ba: numfashi ya sarƙe ko ƙirji na fito, suma ko kusa da suma, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa na kwatsam da kasa kwanciya, kumburin fuska ko harshe. A tafi da kwalbar a hannu a nuna ta, domin in an tambayi 'yan uwa wane magani yake sha, sukan ce ba ya shan komai. Haka in za a yi maka tiyata ko wace iri ce, mai ba da maganin barci ya san kana ɗiga timolol.

In ba a irin wannan hali ba, kada ka daina da kanka ka zauna. Matsin zai koma inda yake cikin kwanaki ko 'yan makonni, kai kuma ba za ka ji komai ba.

Kwalbar kanta

Ka saya a famasin asibiti ko shagon magani mai rajista. Duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da hatimin murfi. Kada a canza maka da "wani mai kama da shi". Mafi haɗari shi ne ɗigon jan ido mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone da ake saya a kemis ba takarda. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, amma yana ɗaga matsin ido, har yakan jawo gilakoma ga wanda ba shi da ita, balle mai ita.

Ranar da ka buɗe kwalba ka rubuta kwanan wata a jikinta. Bayan kwana 28 a yar da ita ko da saura. Kwalba mai mililita 5 takan kai wata guda ga mai ɗiga ido biyu sau biyu a rana. In taka na ƙarewa a mako biyu, ɗigo fiye da ɗaya ke fita ko kana zubarwa a kunci. In tana kai wata uku, ana tsallake ɗigo. Ka sayi sabuwa tun saura mako guda, musamman in daga ƙauye kake zuwa Jega ko Zuru ko Kamba saye.

Yawancin kamfanoni sun ce a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30, nesa da hasken rana. A Kebbi kuwa zafin Afrilu da Mayu yana haura 40. Aljihun riga, cikin mota, bakin taga da ƙarƙashin rufin kwano duk ba wurin ajiya ba ne. In ba firiji, a mayar da kwalbar cikin kwalinta, a sa a roba mai murfi, a ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi. In akwai firiji, a ƙofarsa, kada ya daskare. Ko ina ne, ya zama inda yaro ba zai kai ba. Kwalbar 0.5% mai mililita 5 tana ɗauke da miligiram 25 na timolol, wanda ya isa ya rage bugun zuciya da numfashin ƙaramin yaro, ya kuma faɗar masa da suga. In ya sha, a kai shi asibiti ko da yana wasa lafiya lau, kada a sa shi amai.

Azumi, ciki da jarirai

Mutane da yawa suna ajiye ɗigo gaba ɗaya a watan Ramadan, wata guda ke nan jijiyar gani ba ta da kariya. Babu buƙatar haka. A sa na safe lokacin sahur kafin ketowar alfijir, na yamma bayan shan ruwa. Tazarar takan zama awa 13 zuwa 14 da rana, 10 zuwa 11 da dare, kuma wannan bai ɓata komai ba. Ga wanda aka ba wani ɗigo na tsakar rana, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi in an kauce wa haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan abin da ya isa maƙogwaro, don haka mutum ya tambayi malaminsa. Danne lungun ido dai yana hana shi isa can tun farko. Mai ciwon suga da ke azumi ya tuna da maganar ɓoyewar alamu.

Timolol yana ratsawa zuwa ɗan tayi, yana kuma fita a ruwan nono. Mai ciki ko mai shayarwa kada ta daina da kanta, kada kuma ta ci gaba ba shawara. Likitan ido da na awon ciki su ne za su yanke, kuma in an sa shi har kusa da haihuwa, a sanar da masu karɓar haihuwa don su lura da bugun zuciya da numfashin jaririn a kwanakin farko. Jaririn da aka haifa da gilakoma, mai manyan idanu masu hawaye da gudun haske, tiyata ce maganinsa. In an ba shi timolol kafin a yi ta, mafi ƙarancin ƙarfi ake ba shi, ƙarƙashin kulawa, don yana iya ɗauke masa numfashi.

In timolol bai dace ba, ko bai isa ba

Ana komawa awon matsi kamar mako 4 bayan farawa, sannan duk bayan 'yan watanni yadda likita ya tsara. Ga wasu mutane ƙarfin maganin yana raguwa da tafiyar shekaru, kuma awo ne kaɗai ke nuna hakan. Mai fuka ko ciwon zuciya yana da zaɓi: latanoprost, ɗigo ɗaya da dare, wanda ya fi timolol saukar da matsi kuma ba ya taɓa zuciya, sai dai ya fi tsada kuma yawancinsa yana son firiji kafin a buɗe. Akwai dorzolamide da brimonidine, ko da yake brimonidine ba a ba ƙananan yara. Akwai aikin hasken leza da ke buɗe magudanar. A gwajin da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, aka wallafa a 2021, lezar ta riƙe matsi yadda ake so a kashi 61 cikin 100 na idanu bayan shekara guda, timolol kuma a kashi 31. Akwai tiyatar buɗe sabuwar mafita, wadda ga mai ciwon da ya yi nisa, mazaunin nesa da gari, da kuɗin kwalba duk wata ke gagara, sau da yawa ita ta fi ɗigo. Asibitin tarayya da Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi su ne wuraren fara tambaya, daga nan a tura mutum Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna in aikin ya fi ƙarfinsu. Gilakoma tana bin jini, don haka 'yan uwa na ciki ɗaya da 'ya'yan da suka kai shekara 40 su ma a auna su.

Ranar komawa asibiti, ka ɗiga na safe a lokacinsa kamar kullum, don likita ya ga matsin da maganin ke riƙewa. Ka tafi da dukan kwalabe da lambobin bugun zuciyar da ka rubuta, ka kuma nemi nas ta kalle ka kana ɗigawa. In kwana biyu ko mako guda ka yi ba magani, ka faɗa kafin a auna, in ba haka ba za a ɗauka timolol ne ya gaza, a ƙara maka kwalba ta biyu da ba ka buƙata.